Safar Hajiya ta ƙi kyau: laifin zare ne ko na hannuna?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Agege. Na iya saƙa tun ina gidanmu, hular jarirai da rigar sanyi duk ina yi. Yayata da ke aure a Jamus ta aiko mini da zaren safa curi biyu, giram 50 kowanne, mai launi huɗu a jikinsa: shuɗi, fari, ruwan goro da ruwan makuba. Sai na yi niyyar saƙa wa uwar mijina safa, don tana Jos kuma sanyi na damun ƙafarta. Hajiya gwanar saƙa ce a zamaninta, shi ya sa na zaɓi wani samfuri mai tufka da raga da na gani a YouTube, kada ta raina min. To Anti abin ya ƙi. Tufkar ba ta fitowa, launukan sun taru tabo-tabo, gefe guda duk ruwan goro, ɗaya gefen duk shuɗi. Na warware har na gaji, zaren ya fara tashi. Maigida ya ce in haƙura ya sayo mata ta kanti a Oshodi. Raina ya ɓaci, har na fara tunanin ko dama can ban iya ba. Me zan yi?

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Kin iya. Wadda ta juya tufka a kan siririn zaren safa, a zagaye, har ta kai tsawon da za ta ga launi ya taru, ba 'yar koyo ba ce. Abin da ya faru shi ne kin haɗa zare da samfurin da ba sa shiri, kuma ko wace gwana ce ta haɗa su haka, abin da kika gani shi za ta gani. Don haka ajiye maganar rashin iyawa, mu duba zaren.

Kin san idan kika kai wa tela farar shadda ko wadda take launi ɗaya, ita ake zuba wa aiki a wuya da hannu, don a kanta aikin yake fitowa. Atamfar da ta zo da zanenta cike kuwa, ɗinki mai kyau kawai take so. Zarenki atamfa ne. Tufka da raga inuwa ce ke fito da su: inda saƙa ta tashi haske ya sauka a kai, inda ta nutse ya yi duhu, ido ya bi wannan ya gane adon. Idan launin zaren da kansa yana tsalle daga fari zuwa makuba kowane taƙi guda, ido launin zai bi, inuwar ta ɓace. Wahalar da kika sha tana nan a jikin safar, ba mai ganinta ne kawai.

Maganar tabo kuwa lissafi ne, kuma za ki iya yinsa da tef ɗin tela a kan tabarma. Ki ɗora ido 64 (ido shi ne kowane madaukin zare da ke kan allura), wato adadin da aka fi yi wa ƙafar babbar mace da irin wannan zare, ki saƙa 'yan zagaye. Ki ɗaura ɗan ƙyalle a zaren daidai farkon wani zagaye, ki saƙa zagayen, ki sa alama a ƙarshensa, sannan ki warware shi ki auna. Yawanci za ki samu tsakanin santimita 70 da 80, ya danganta da tsaurin hannunki. Wannan shi ne abin da zagaye ɗaya yake ci. Sai ki zaro zare daga curin ki shimfiɗa shi, ki auna abu biyu: tsawon kowane launi, da kuma tsawon da ake yi kafin launukan huɗu su ƙare su dawo farko.

A ce zagayenki na cin santimita 75, ruwan goro kuma tsawonsa 15 ne. Ido goma sha biyu ko sha uku zai rufe ya wuce. Idan jerin launukan gaba ɗaya ya zo daidai da 75, ko rabinsa, to duk sanda kika zagayo wurin nan ruwan goron ne zai sake sauka a kan ɗan'uwansa. Zagaye ashirin a haka, ga tabonki. Idan kuwa lissafin ya ɗan kauce, launin zai riƙa matsawa kaɗan-kaɗan ya zama layi mai naɗe ƙafa a karkace, wanda mutane da yawa suke so ma. Zaren da kowane launinsa ya kai mita biyu ko uku ba ya wannan rigima, shi layi-layi yake bayarwa da kansa. Kamfanonin Jamus irin su Regia da Opal sun yi suna a kan irinsa, har akwai nasu da ke fitar da ƙananan zane kamar an sassaka da gangan, muddin dai an yi masa saƙa sumul a kan adadin idon da aka tsara shi dominsa. Yadda kika kwatanta naki, na fi zaton mai gajeren launi ne, amma tef ne zai raba gardama.

Abin daɗi a nan, tun da lissafi ne ya kawo tabon, lissafi ke kwance shi. Ido ɗaya yana cin santimita ɗaya da 'yan kai. Idan kika koma ido 60 ko kika hau 68, kin canza abin da zagaye ke ci da kusan santimita 5, wannan kuwa ya isa ya hana launi zama wuri ɗaya. Canza allura daga milimita 2.5 zuwa 2.25 ma yana yin irin wannan aiki. Sai dai ina so ki riƙe abu guda: ƙafar Hajiya ce ke yanke adadin ido, ba launi ba. Kada ki matse mata ƙafa don gudun tabo.

Saboda haka kafin ki sake ɗora ko ido ɗaya, a auno miki ƙafar. A nan ne maigida zai yi miki amfani. Ki roƙe shi ya sa wata ƙanwarsa da ke kusa da Hajiya ta zagaya tef a mafi faɗin tafin ƙafa, wajen gindin yatsu, ta auna tsawo daga dunduniya zuwa babban yatsa, ta kuma auna ƙauri sama da idon sawu kaɗan, ta turo ta WhatsApp. Da yamma za a auna, don ƙafar tsofaffi takan ɗan kumbura kafin dare. Ana rage kashi 10 cikin 100 daga kewayen tafin ƙafar don safar ta kama ƙafa. Idan kewayen santimita 22 ne, 20 za ki saƙa. Hannun da ke ba da ido 30 a santimita 10 zai ɗora 60, wanda ke ba da 32 zai ɗora 64. A tambayo kuma ko tana da ciwon suga ko yawan kumburin ƙafa. In tana da ɗaya daga ciki, bakin safar ya zama sakwa-sakwa yadda ba zai bar shaida a fata ba, kuma kada a bar tudun ɗinki a bakin yatsu, don mai suga ba kullum yake jin abin da ke gugar ƙafarsa ba.

To wane samfuri? Ni da za ki bi tawa, gaba uku baya ɗaya zan ce ki yi, wato ido uku na saƙar gaba sai ɗaya na saƙar baya, daga ƙarƙashin bakin safar har saman ƙafa, tafin kuma sumul. Ba ya faɗa da launi, yana buɗewa yana komawa, ya dace da ƙafar da ba a gabanki take ba balle ki gwada mata. Kuma yana shiga 60 da 64 da 68 duka, tun da huɗu-huɗu yake tafiya, don haka kina da damar matsa lissafi ba tare da kin sake tsari ba.

Idan kika yi santimita takwas ko goma kika ga tabon bai watse ba, ga abin da ya fi komai maganinsa, wato zame ido. Ki ɗauke ido ɗaya daga allurar hagu zuwa ta dama ba tare da kin saƙa shi ba, zaren na ta baya, sannan ki saƙa uku, haka har zagaye ya ƙare. Ki maimaita a zagaye na biyu, kina zame waɗancan idanun dai. Sai zagaye biyu na saƙar gaba zalla. A jeri na gaba ki matsar da wurin zamewar da ido biyu, ya faɗo tsakanin na baya. Idon da aka zame miƙewa yake yi, ya ɗauko launin ƙasa ya hau da shi cikin launin sama. Sai ki ga ɗigon fari a tsakiyar makuba, ɗigon shuɗi a cikin ruwan goro, tabon ya farfashe. Ki kai shi bakin taga da rana ki duba, kada ki yanke hukunci a ƙarƙashin ƙwan lantarki ko fitilar caji, suna canza wa shuɗi da makuba kama. Aibinsa ɗaya: yana tsuke saƙa. Zaren da ke wucewa ta bayan idon da aka zame ba ya miƙewa, in kika ja shi da ƙarfi safar ba za ta wuce dunduniya ba. Ki sassauta hannu a wurin, ki ƙara ido huɗu a kan lissafinki, kuma ki zura ƙafarki ki gani tun tana kan allura.

Akwai kuma mai sauƙi, zagaye ɗaya gaba zalla, zagaye ɗaya gaba ɗaya baya ɗaya. Saƙar baya tana turo launin zagayen da ya wuce waje, shi ya sa take cakuɗa launuka a hankali. Samfurin nan mai hawa da sauka kamar haƙoran zarto da za ki yi ta gani a intanet yana da kyau ƙwarai, amma da zare mai dogon launi, don layi yake lanƙwasawa. A kan naki ba zai yi abin a zo a gani ba, ga shi ba ya buɗewa sosai.

Tun da curi biyu gare ki, akwai wata dabara. Ki saƙa da su biyun tare, zagaye ɗaya daga wannan, na gaba daga wancan, kina fara su daga launi daban. Ko da launi ya so taruwa, zagayen da ke tsakani zai raba shi. A wurin sauyi kada ki murɗa zarurrukan, ki ajiye na hannunki ki ɗauki ɗayan yadda yake, ba ja ba saki. Wannan sai kin ɗan saba, kuma zare biyu a cinya yana son haƙuri, amma ba ya tsuke safa yadda zame ido ke yi. In kika bi wannan hanya, ki riƙa ɗora curin a kan ma'aunin giram irin na masu yin kek, kada safa ta farko ta cinye rabon ta biyu. Giram 100 na irin wannan zare yakan kai mita 400 zuwa 420, ya ishi ƙafa biyu na mace har da saura, in ba doguwa har gwiwa za ki yi ba.

Ki sa a ranki cewa wajen dunduniya launin zai sake hali. Idan kika saƙa marfin dunduniya, wato ɗan fallen da ke rufe bayan dunduniya, kika tsinto ido ta gefe da gefe, adadin yakan haura 80 kafin ki rage shi ya dawo, kuma kin riga kin san abin da canjin adadi ke yi wa launi. Wasu don gudun haka suna barin gurbin dunduniya da wani zare na daban, su wuce, sai a ƙarshe su dawo su cike. Yana kiyaye tsarin launi, gaskiya ne, amma ba shi da zurfi, kuma yakan ja a saman ƙafar da ta yi tudu. Ga dattijuwa ni mai marfin nake zaɓa. Ɗan hargitsin launi a idon sawu ba zai hana ta barci ba, matsi kuwa zai sa ta cire ta ajiye. A jikin marfin ki yi zame ɗaya saƙa ɗaya a kowane layin gaba, yana ƙara kauri a inda safa ta fi saurin hujewa.

Wasu za su ce ki nemo zare mai launi ɗaya ki yi baki da dunduniya da yatsu da shi. Yana fito da safa sosai, musamman ruwan toka ko shuɗi mai duhu a gefen launuka irin naki. Matsalar samunsa ce a Legas. Kina iya hawa jirgin ƙasan nan na Red Line daga Agege ki sauka Yaba ki leƙa masu kayan ɗinki a Tejuosho, ko ki daure wa cunkoso ki shiga Balogun, amma mafi yawan abin da za a miƙo miki da sunan ulu akirilik ne, kuma ya fi naki kauri. Ki tafi da guntun zarenki ki jera su. In kina shakka, ki yanki ɗan taƙi ki kai shi ga ashana a gida, nesa da yara: ulu na gaske warin ƙonannen gashi yake yi, tokarsa ta murmushe a yatsa, akirilik kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Ki duba takardar da ke naɗe da curinki, zaren safa na can galibi ulu ne kashi 75, nailan kashi 25, nailan ɗin ne ke sa shi jure gugar takalmi. In ba ki sami sa'ansa ba, ki bar shi shi kaɗai. Haɗa shi da wanda bai kai shi ba zai sa dunduniya ta saki tun jikin safar na sabo.

Zaren da kika ce ya fara tashi bai mutu ba. Ki naɗe shi a bayan kujera ya zama dogon zobe, ki ɗaure shi wuri huɗu da ƙyalle, ki tsoma a ruwa mai sanyi ko mai ɗan ɗumi kamar minti ashirin ba tare da cuɗawa ba. Ki naɗe shi a tawul ki danne ruwan, ki rataye a inuwa gaban fanka, kada ki ɗaura masa nauyi. Lanƙwasar za ta miƙe. Ki tabbata ya bushe ƙarau kafin ki mayar da shi curi, don danshin garin nan ba ya wasa, ulu mai laima a cikin leda fumfuna yake yi. Wurin da ya fi shan warwara ki ajiye shi don ƙauri, sabon zare ya tafi dunduniya da yatsu. Wani abu kuma da masu saƙa a Arewa ba su cika fama da shi ba: zufar hannu. Tana sa ulu ya liƙe a allura, ki riƙa ja ba ki sani ba, safar rana ta fi ta dare tsauri. Ki wanke hannu ki goge kafin ki zauna, ki zaɓi lokacin da gari ya ɗan yi sanyi, bayan asuba ko bayan isha.

Yanzu maganar da ta fi zaren nauyi. Kin ce kin zaɓi samfuri mai wuya don kada Hajiya ta raina ki. Na fahimce ki, kuma ba abin kunya ba ne sabuwar suruka ta so a yaba mata. Amma ki tuna wace ce za ta karɓi safar. Gwanar saƙa idan aka miƙa mata abu, juya shi take yi ta ciki. Za ta duba ko idanun sun jeru kai ɗaya, ko akwai rami a kusurwar dunduniya inda aka tsinto ido, ko bakin ya buɗe da sauƙi, ko an ɓoye jelar zare da kyau, ko ƙafa biyun tsawonsu ɗaya. A nan take gane hannu. Saƙa mai sauƙi ba ta ɓoye komai, shi ya sa masu sani suke girmama ta in ta yi tsaf. Kuma na san wani abu game da iyayenmu mata da suka tsufa da sana'ar hannu: ba abin da ke faranta musu kamar a tambaye su. In kina gaishe ta a waya, ki ce, "Hajiya, ina ɗan taɓa saƙa, yaya kuke yi wa kusurwar dunduniya kada ta bar rami?" Ba sai kin gaya mata wa kike saƙa wa ba. Ina kyautata zaton hirar da za ku yi ranar za ta fi duk wadda kuka taɓa yi tsawo.

Shi kuma maigida, ban ga raini a maganarsa ba. Ya ga kina warwara kina ɓata rai, ya nemo hanyar da ya sani ta ɗauke miki. Ki ce masa ya sayo ta kantin in ya so, Hajiya ta riƙa sawa kafin taki ta iso, ba gasa ake ba. Amma ki bayyana masa dalilinki a natse. Jos na kan tudu kusan mita 1,200 sama da teku, sanyin dare da na asuba a Disamba da Janairu ba irin ɗan hazon da muke gani a Legas ba ne. Siririyar safar kanti ta auduga ko ta roba ba ta riƙe ɗumi kamar ulu, wanda ko ya ɗan sha laima bayan alwala ba ya yin sanyi a fata. Ɗa ne, in ya ji don ƙafar mahaifiyarsa ake wannan ɗawainiya, da kansa zai kira a auno.

Samfurin tufkar nan kada ki jefar da shi. Ki ajiye, in Yaya za ta sake aike ki ce mata mai launi ɗaya kike so, mai haske, kamar ruwan madara ko ruwan toka mai sauƙi. A kansa tufka za ta fito har daga nesa.

In kin gama, ki wanke safar sau ɗaya, ki shanya ta a kwance, ta bushe sosai kafin ki kai tasha a ba direba, kuma ki sa ragowar zaren a cikin ƙunshin saboda ranar da dunduniya za ta nemi gyara. Ki ja kunnen duk wadda ke yi wa Hajiya wanki: ban da tafasasshen ruwa, ban da cuɗa mai ƙarfi, ban da ruwan bilic ko kaɗan, don cinye ulu yake yi. Idan hunturu ya wuce a wanke ta a rufe a cikin leda ko gwangwani saboda asu. In kuma ɗakinta tayil ne ko sumunti mai santsi, a gaya mata ta riƙa zura silifas a kai, safar ulu na zamewa, faɗuwa kuwa ba ta yi wa mai shekaru kyau. Allah Ya ƙara mata lafiya, Ya sa albarka a hannunki.